Yadda ake haɗa kwalin zuba kaya, tun daga awo har bugu da yanka da rubutu mai tudu

Masu turaren wuta da humra da sabulun gyaran fata, da masu yajin daddawa da dambun kifi, a nan Birnin Kebbi da Jega da Argungu yanzu kusan buƙatarsu ɗaya ce, kowa so yake ya samu kwali mai sunansa irin na kayan kanti. Kuma abin yana da kyau, don kaya a leda tsirara ba ya shiga wasu shagunan ko da ya fi na kowa daɗi. Matsalar ita ce yawancin mutane ta baya suke fara aikin, sai ka ga mutum ya ruga wajen mai dizain an zuba masa kaloli da furanni a kwamfuta, ya biya, ya ɗora a sitatus ana ta masha Allah, sai an zo yin kwalin a ga kwalbar ba ta shiga, ko sunan ya faɗo daidai kan ninki. Farin kwali wanda babu ko ɗigon tawada a jikinsa shi ake fara yi, kwalliya daga baya take zuwa. Ga yadda abin yake bi da bi.

Awo da gwajin hannu

Ɗauko ainihin abin da za ka zuba, ba hotonsa ba, ka samu rula ta ƙarfe. Mu ɗauka kwalbar turaren wuta ce mai faɗin santimita 6 da tsayin 9. Auna ta wurin da ta fi ƙiba, sau da yawa murfin ne ya fi jikin faɗi kuma shi ake mantawa. Ƙara mata milimita 2 zuwa 3 don ta samu wurin shiga, kenan cikin kwalin zai zama 6.2 da 6.2, tsayi 9.3.

Yanzu shimfiɗa shi a kan takarda da fensir. Bango huɗu a jere, kowanne 6.2, ya ba ka 24.8, sai ka ƙara ɗan kunnen da za a shafa wa gam mai faɗin 1.5, jimla 26.3. Ta tsaye kuma jikin 9.3 ne, murfin sama 6.2 da harshensa da ake cusawa 1.5, na ƙasa ma haka, jimla 24.7. Sai ƙananan kunnuwa biyu a sama biyu a ƙasa masu kamar santimita 3, su ne ke tare ƙura. Bangon ƙarshe ka rage masa rabin milimita don kar bakinsa ya leƙo bayan an manna, kunnen gam kuma a ɗan fere kusurwoyinsa su karkata.

Ka yanke wannan a kan irin katin da za ka yi amfani da shi, ka ninke, ka manna, ka saka kwalbar, ka ɗaga ka girgiza. In kwalbar gilashi ce mai nauyi za ka ga gindin yana neman buɗewa, to a nan za ka san murfin cusawa bai isa ba a ƙasa, sai gindi mai kulle kansa, wanda kunnuwa huɗu ke sarƙe juna, ko kuma a manne gindin da gam gaba ɗaya. Hanya mafi sauƙi in lissafi na ba ka wuya, je kemis ka karɓi kwalin maganin tari da babu komi ciki, ka ɓanɓare shi a hankali ta wurin gam ɗin ka shimfiɗa, duk darasin yana nan a jikinsa.

Katin da za a saya

Da giram ake kiran kaurin kati, wato nauyin murabba'in mita ɗaya. Ƙaramin kwalin sabulu ko kwalba 300 zuwa 350 ake so, 250 sai abu marar nauyi sosai. Akwai FBB, wato katin da aka yi musamman don kwalin ninkawa, fari ta gaba, bayansa fari ko ruwan madara, yana da tauri kuma yana ninkuwa ba tare da ya fashe ba, ni shi nake ba mutane shawara. Akwai mai toka-toka a baya da ake yi da tsohuwar takarda, ya fi araha, ya isa kwalin ashana ko kayan da ba na ci ba. Akwai kuma katin da ake buga katin gayyatar biki da shi, mai santsi gaba da baya, yana fitar da kala da kyau amma ya fi saurin tsagewa a wurin ninki kuma ba shi da ƙarfin tsayuwa kamar FBB.

Shi kuwa kwali mai ƙwarya-ƙwarya a ciki, irin na taliya da katan ɗin sabulu, wani fanni ne daban. Wani Ba'amurke Albert Jones ya yi masa rajista a 1871 don naɗe kwalabe, Oliver Long ya ƙara masa shafi a 1874. Na ɗaukar kaya ne zuwa mota, ba shi muke magana ba yau.

Abin da ba kowa ke faɗa maka ba shi ne kati yana da jijiya. Zaren da ke cikinsa duk gefe ɗaya suka kwanta tun daga injin da ya yi shi. Lanƙwasa shi ta tsaye sannan ta kwance, ɓangaren da ya fi saurin lanƙwasuwa to jijiyar ta bi layin lanƙwasar. A kwalin kaya ana so jijiyar ta zagaye kwalin, ta ratsa dogayen layukan ninki huɗun nan na tsaye, haka bangon ke tsayawa sak ba ya kumbura ciki. Ka faɗa wa mai bugu tun kafin ya yanka manyan takardun, in an riga an yanka shi kenan.

Dizain, a kan layin wuƙa

Sai yanzu za ka je wajen mai kwamfuta. Ya fara zana shimfiɗaɗɗen kwalin nan da awonsa daidai a CorelDraw, layin yanka da kala ɗaya, layin ninki da wata kala, a ajiye su a shafi daban wanda ba za a buga ba. A kan wannan zanen ake ɗora kwalliya.

Kalar bango ta zarce layin yanka da milimita 3 ta ko'ina, saboda wuƙa ba ta faɗawa wuri ɗaya dari bisa ɗari, in ba a bar rarar ba sai ka ga farin zare a bakin kwali. Rubutu kuma ya nisanci layin yanka da na ninki da aƙalla milimita 3. Kunnen gam a bar shi fari fat, ba tawada. Hotuna su kai 300 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto, wanda aka turo ta WhatsApp an riga an matse shi, a waya zai yi kyau a takarda ya fito dishi-dishi, a turo shi a matsayin dokumen. A yi aikin da CMYK, su ne tawada huɗun da inji ke haɗawa, shuɗi da ja-ja da rawaya da baƙi, don hasken waya yana nuna wani kore da wani shuɗi masu ƙyalli da tawada ba za ta taɓa iya fitarwa ba, gara ka gani tun yanzu da ka yi rigima da mai bugu daga baya. Ƙananan rubutu baƙi zalla, kar a haɗa shi da kala huɗu, don kowace kala da farantin da inji ke buga ta da shi, in ɗaya ya goce kaɗan sai rubutun ya yi inuwa.

Sannan haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ. Yawancin salon rubutun kwalliya ba su da su, sai ka ga ƙamshi ya koma akwati da amshi. A duba su ɗaya bayan ɗaya, a mayar da duk rubutun zane kafin a tura fayil ɗin, yadda ko an buɗe a wata kwamfutar ba zai canja ba.

Me za a rubuta? Sunan kaya, abin da aka haɗa shi da shi, nauyi ko yawa, suna da adireshin mai yi, lambar rukuni, ranar yi da ranar lalacewa. Kayan ci da na shafawa a ƙarƙashin NAFDAC suke, hukumar da aka kafa a 1993, kuma lambarta sai wadda ta ba ka, don Allah kar mai dizain ya ƙirƙiro maka wata don kwali ya yi kyau, laifi ne babba. Wurin kwanan wata a bar shi fili a riƙa buga hatimi, in ka buga shi cikin dizain kwalin dubu biyar duk sun zama na wata ɗaya. Lambar layi-layi da ake haskawa a manyan kantuna daga ƙungiyar GS1 mai ba da irin waɗannan lambobi ake samunta, ta Najeriya da 615 take farawa. In kayanka na bi ta Kamba zuwa Gaya da Dosso, ƙara layi biyu na Faransanci ba asara ba ne. Kuma shawarata, kar a sa aya ko sunan Allah a jikin kwali, abu ne da ƙarshensa bola.

Bugu

Yawan da kake so shi ke zaɓa maka inji. In guda 50 ne zuwa 200, injin dijital da ke buga A3 ya isa, babu kuɗin faranti, yau ka kai yau ka karɓa. A3 santimita 29.7 ne da 42, kwalinmu ɗaya zai hau. Ka tambaya ko injin na jan kati 300, ba duka ke iya ba.

In ka haura 1,000 to ofset ne, wato bugu da faranti a babban inji. Asalin dabarar ta wani Bajamushe ce Alois Senefelder, wajen 1796, da ya gano cewa tunda ruwa da mai ba sa haɗuwa ana iya bugu daga shafaffen dutse, sai a farkon shekarun 1900 Ira Rubel a Amurka ya lura in tawadar ta fara sauka kan roba kafin takarda bugun ya fi fita tsaf. Har yau haka injinan Heidelberg da suka cika maɗaba'un ƙasar nan ke aiki, Kord 64 mai ɗaukar takarda santimita 46 da 64, da GTO 52 mai ɗaukar 36 da 52. Kowace kala da farantinta, a inji mai kai ɗaya sau huɗu takardar za ta wuce.

A nan ne lissafin farko ke biyanka. Kwalinmu faɗinsa 26.3, biyu a jere 52.6, sun shiga cikin 64. In murfin sama yana manne da bangon gaba na ƙasa kuma da bangon baya, sahu biyu suna shiga cikin juna, murfin wannan ya faɗa gurbin wancan, tsayin ya tsaya a 41.7, kenan kwali huɗu a takarda ɗaya ta Kord maimakon biyu. Rabin kuɗin kati ya dawo aljihunka saboda inda aka sa murfi kawai.

Ƙaramin aiki ana yinsa a nan gida ko Sakkwato, babba mutane kan kai Kano ko Kaduna, wasu har Shomolu a Legas. Ko ina ne, ka nemi a nuna maka takardar farko ka sa hannu kafin a saki inji, kuma ka ƙara kati a kan lissafi don kowane mataki yana cin wasu wajen saiti. Bayan bugu a bar shi ya kwana ya bushe.

Lamineshan wata siririyar leda ce da ake manna wa fuskar katin da zafi, akwai mai ƙyalli akwai marar ƙyalli. Tana kare kala daga gogewa da maiƙon hannu, tana kuma hana bugun dijital fashewa a wurin ninki. Amma gam ba ya kama leda, don haka ko dai a bar kunnen gam ba leda, ko a kankare shi da samfefa kafin mannawa.

Ruwan gwal da rubutu mai tudu

Duk wanda ya taɓa shafa hatimin ƙarfe na kamfani ko na lauya a kan takarda ya san rubutu mai tudu. Ƙarfe biyu ne, ɗaya mai rami ɗaya mai tudu daidai ramin, a sa kati a tsakiya a matse. A kwali ma haka ne, ana sassaƙa farantin da magnesiyam in aikin kaɗan ne, ko jan ƙarfe da tagulla in za a daɗe ana amfani da shi. Ruwan gwal kuma foyil ne, wata siririyar leda mai ƙyalli, ana ɗora shi a kan kati, farantin da aka zafafa sama da digiri 100 ya danna, gwal ɗin ya manne daidai siffar rubutun. In za a yi duka biyun, foyil ne farko, sannan tudu, sannan yanka.

Abin kiyayewa, siraran layuka da ƙananan haruffa ba sa tashi, suna ko tambari kawai za a ɗaga, kuma ya nisanci layin ninki da kamar milimita 5 in ba haka ba katin ya yage. A kan lamineshan marar ƙyalli tudu ya fi fitowa. Ni a ganina wuri ɗaya ya isa, kwalin da aka cika da gwal ta ko'ina arha yake nunawa.

Mai ƙaramin jari ma yana da hanya. Yanke siffar tambarin a jikin kati mai kauri, manna shi a gilashin taga inda rana ke haskowa, ɗora katinka a kife a kai, ka bi gefen siffar da abu mai mulmulallen baki kana dannawa a hankali, in ka juya za ka ga ya taso. Na gwal kuma akwai foyil da ke kama tawadar firinta ta leza kaɗai, ka buga sunan da baƙi, ka rufa foyil ɗin a kai, ka wuce da shi cikin injin lamineshan mai zafi, ka ɓare. Wannan a kan sitika ko katin da ba a yi wa leda ba yake yi.

Yanka da ninki

Wanga mataki shi ne ya mayar da kwali abin da talaka zai iya saye. A shekarun 1870 wani mai maɗaba'a a New York, Robert Gair, yana buga jakunkunan iri, sai ƙarfen da ke yi musu layin ninki ya goce ya yanke su. Maimakon ya tsaya takaicin asara sai ya gane ashe ana iya jera ƙarfe mai kaifi da marar kaifi a allo ɗaya, bugu ɗaya ya yanka ya kuma yi layin ninki. A 1940 kamfanin Bobst na Suwizalan ya fitar da injin da ke yin haka da kansa yana jan takarda.

Allon wuƙa, wanda masu aikin ke ce wa daikot, katakon filawud ne mai kaurin milimita 18 da aka tsaga bisa zanenka, da zarto ko da leza, aka cusa ƙarafa a ciki. Wuƙar yanka tsayinta milimita 23.8, ta ninki ba ta da kaifi kuma ta fi gajarta da kamar kaurin katin. Gefen wuƙaƙen ana manna roba mai laushi da ke turo katin waje bayan an danna. A farantin da allon ke danna katin a kai, daidai inda ƙarfen ninki zai sauka, ana manna ɗan kwari wanda katin zai nutse ciki, zurfinsa kamar kaurin katin, faɗinsa kaurin katin sau ɗaya da rabi a haɗa da kaurin ƙarfen. In kwarin ya yi ƙunci kati ya fashe, in ya yi faɗi ninkin ya zama ba shi da kaifi kwali ya karkace. Galibi tsofaffin injinan Heidelberg na bugu da aka cire wa tawada ake ɗora allon a kai, ko injin nan mai buɗe baki yana rufewa da ake sa wa takarda da hannu, wanda gaskiya yana cin yatsu, ba wurin tsayuwar yara ba ne.

Fayil ɗin da aka yi dizain a kansa shi za a ba mai allon, ba wani sabon awo ba. In an kawo, a fara yanka farin kati guda biyu ka haɗa ka saka kwalbarka. Ka duba ko akwai inda bai yanke ba, ana gyara shi da siririn tef a bayan faranti, ba ƙara wa inji ƙarfi ake yi ba, ƙarfi dakushe wuƙa yake. Za ka ga 'yan wurare ƙanana da aka bari da gangan ba su yanke ba, su ke riƙe kwalin a jikin takarda har a ɓalle da hannu.

Kuɗin allon sau ɗaya ake biya. Misali a ce ya ci naira 40,000, a kan kwali 200 kowanne ya ɗauki 200, a kan 5,000 kuwa naira 8. Shi ya sa in kaɗan kake so ka yanka da hannu. Shimfiɗa katin a kan gilashi ko tabarmar yanka, fara yin layukan ninki da biron da tawadarsa ta ƙare kana bin rular ƙarfe, ta fuskar da aka buga, sannan ka yanka da sabuwar reza. Ninkin kuma ramin layin ya kasance a waje, tudunsa a cikin kwali, mutane da yawa suna juya shi. Akwai ƙananan injina irin Cricut da Silhouette Cameo da ke karanta alama su yanka da kansu, suna da kyau ga sitika da samfur amma suna da nawa a kati mai kauri.

Yanayinmu ma yana da ta cewa. Da hunturu kati na bushewa ya riƙa fashewa a ninki, takardu kuma su manne da juna inji ya ja biyu, to a bar shi cikin ledarsa har ranar aiki. Da damina kuma danshi yake sha ya lanƙwashe, kar a ajiye shi a ƙasa ko jikin bango, a ɗora kan katako.

Mannawa

Fara karya duk layukan tsaye huɗu, sannan ka kwantar da kwalin ka ninka shi biyu yadda kunnen gam zai shiga ƙarƙashin bangon ƙarshe. Farin gam irin na kafintoci, Top Bond da makamantansa, siririn layi da ɗan buroshi, in ya yi yawa zai tsattsafo ciki ya manne kwalin ya ƙi buɗewa. Jera ashirin-ashirin ka danne da abu mai nauyi. Bayan ya bushe ɗauki ɗaya ka ɓanɓare da ƙarfi, in zaren katin ya yage to gam ya kama, in ya rabu sumul to leda ko tawada ta hana shi.

Kayan ci, musamman masu mai kamar dambu da ƙuli-ƙuli, sai an ɗaure su a leda ko roba mai murfi kafin su shiga kwali, mai yana ratsa kati ya ɓata kala, kuma tawadar bugu da katin tsohuwar takarda ba a yi su don taɓa abinci ba.

In daga Kano za a ɗoro maka, a shimfiɗe za a turo su ba a buɗe ba, a naɗe da leda a saka cikin katan, kuma ka roƙi direba kar ya haɗa su da jarkar fetur ko buhun kifi, kati yana shan wari, mai turare ta san abin da hakan ke nufi. Allon wuƙar da farantin tudun naka ne tunda kai ka biya, ka karɓo su ko a rubuta sunanka a jiki, a shafa wa ƙarafan ɗan mai kar su yi tsatsa, ka kuma ajiye fayil ɗin da kwali biyu daga bugun farko don a gwada kala da su ranar da za a sake bugawa.